Wiskin Amurka: Yadda Rarar Hatsi, Haraji da Doka Suka Gina Masana'anta

A jihar Kentaki ta ƙasar Amurka, gangunan barasar da ke jibge cikin sito-sito sun ninka yawan mutanen jihar fiye da sau biyu. Alƙaluman ƙungiyar masu matatun barasa ta jihar sun nuna cewa a shekarar 2023 gangunan wiskin da ake kira burbon sun haura miliyan 12, alhali jama'ar jihar miliyan 4.5 ne da 'yan kai. Kowace ganga tana cin kimanin lita 200, kuma kowace ɗaya jari ce da aka kulle, wadda mai ita ba zai ga kuɗinta ba sai bayan shekara huɗu, ko takwas, ko ma fiye da haka.

Sanin kowa ne cewa Musulunci ya haramta giya, shanta da cinikinta, kuma akasarin masu karanta wannan shafi ba su da hannu a wannan harka. Abin da ya sa muka kawo bayaninta shi ne tarihin tattalin arzikin da ke bayanta, domin matsalolin da suka haife ta duk ɗan kasuwa ya san su: amfanin gona mai nauyi da arha, hanya mai nisa zuwa kasuwa, harajin gwamnati, da masu algus da ke ɓata sunan haja. Kusan kowane nau'in wiskin Amurka da ake sayarwa a yau ya samo siffarsa ne daga yadda aka warware ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli, kuma doka ce ta tabbatar da siffar tasa a rubuce.

Kafin zuwan wiski

A zamanin da Ingila ke mulkin yankunan gabashin Amurka, barasar da ta fi kasuwa ita ce ram, wadda ake tatsowa daga baƙin ruwan rake mai kauri da ke saura bayan an fitar da sukari. Jiragen ruwa ne ke ɗauko wannan ruwan rake daga tsibiran Karebiyan zuwa garuruwan bakin teku irin su Boston da Newport, inda matatu suka yawaita. Wannan ciniki yana da mummunar alaƙa da nahiyarmu, domin jiragen yankin Rhode Island sun riƙa kai ram gaɓar tekun Afirka ta Yamma, musamman yankin da ya zama ƙasar Ghana a yau, suna musayarta da bayi, waɗanda ake kai su gonakin rake su sake noma abin da za a yi wata barasar da shi.

Yaƙin neman 'yancin kai da aka gwabza daga 1775 zuwa 1783 ya katse hanyar ruwan raken, ram ta yi tsada. A daidai wannan lokaci kuma, baƙin da suka yi ƙaura daga Sikotilan da Ailan da Jamus suna ta kutsawa yamma, cikin dazuzzukan Pensilbaniya da Maryland. Sun zo da sanin tatar barasa daga hatsi, to amma sha'ir ɗin da suka saba da shi a gida bai karɓi sabuwar ƙasar sosai ba. Abin da ya yi albarka shi ne hatsin rai, wani dangin alkama mai jure sanyi da ƙasa marar ƙarfi. Saboda haka wiskin farko da ya yi suna a Amurka na hatsin rai ne, har aka san shi da sunan kogin Monongahela da ke yammacin Pensilbaniya.

Lissafin doki

Manomin da ke bayan duwatsun Appalachia yana da hatsi, amma kasuwarsa tana Philadelphia, tafiyar kimanin kilomita 480 a kan hanyar da keken doki ba ya iya bi sai da kyar. Masana tarihi sukan kawo wani lissafi da ke fayyace halin da yake ciki. Doki ɗaya yana ɗaukar hatsin da bai wuce kilo 100 ba, wato buhu guda a ma'auninmu, amma idan aka mai da hatsin wiski, dokin nan zai ɗauki abin da aka tatso daga buhu shida. Kuɗin dako ya ragu ke nan zuwa kashi ɗaya cikin shida. Daɗin daɗawa, hatsi yana ruɓewa, ƙwari da ɓeraye suna cinsa, ita kuwa barasa tana shekaru ba ta lalace ba. A yankunan da tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, da ita ake biyan lebura, da ita ake sayen gishiri da ƙusa. Dusar da ta rage kuma a ba aladu da shanu.

Wannan ne ya sa rikici ya tashi a 1791, lokacin da Sakataren Baitulmali, Alexander Hamilton, ya shawo kan Majalisar Dokoki ta ɗora haraji kan barasar da ake tatsa a cikin gida, domin a biya basussukan yaƙi. Shi ne karo na farko da gwamnatin tarayya ta sa haraji kan kayan da aka yi a ƙasar. Tsarin harajin ya fifita manyan matatun gabas, waɗanda ke aiki duk shekara, har abin da suke biya ya sauko kimanin santi 6 a galan, yayin da ƙaramin manomi ke biyan santi 9, kuma dole da tsabar kuɗin da ba shi da ita. Wanda aka tuhuma da ƙin biya kuwa, sai ya je kotun tarayya a Philadelphia.

A watan Yulin 1794 manoman yammacin Pensilbaniya suka ƙona gidan babban jami'in haraji na yankin, John Neville. Shugaba George Washington ya tara dakaru kimanin 13,000 domin murƙushe boren, kafin su isa masu tawayen sun watse. Mutum biyu aka samu da laifin cin amanar ƙasa, shugaban kuma ya yi musu afuwa. Harajin bai taɓa karɓuwa yadda ake so ba, gwamnatin Thomas Jefferson ta soke shi a 1802. Shi kansa Washington, bayan ya sauka daga mulki a 1797, ya bi shawarar manajan gonarsa, wani mutumin Sikotilan mai suna James Anderson, ya gina matata a gidansa na Mount Vernon. A 1799 ta fitar da galan kusan 11,000, abin da ya sa ta cikin mafiya girma a ƙasar, kuma bayi shida ne ke yin aikin.

Masara, ruwa da kogi

Can kudu maso yamma, a yankin da ya zama jihar Kentaki a 1792, masara ce ta fi albarka. Dokar filaye ta Virginia, wadda yankin ke ƙarƙashinta a lokacin, ta ba da eka 400 ga wanda ya riga ya kafa bukka ya shuka masara, lamarin da ya jawo jama'a, ya kuma haifar da rarar da ba a san yadda za a yi da ita ba. Ƙasar yankin tana kan dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi, wanda ke tace sinadarin ƙarfe daga ruwa, sinadarin da ke baƙanta barasa ya ɓata ɗanɗanonta. Ga dazuzzukan itacen oak na yin ganga, ga kuma kogin Ohio da ke zuba cikin Misisipi, wanda ke kai kwalekwale masu faɗi har birnin New Orleans. Bayan Amurka ta sayi yankin Louisiana daga hannun Faransa a 1803, wannan hanya ta zama tata gaba ɗaya.

Sunan burbon ya samo asali ne daga gidan sarautar Bourbon na Faransa, wanda aka raɗa wa wata gunduma ta yankin a 1785 domin nuna godiya kan taimakon da Faransa ta bayar a yaƙin 'yanci. Masana sun rabu kan ko daga gundumar sunan ya koma kan barasar, ko daga titin Bourbon na New Orleans inda ake shanta. Haka nan labarin da ke cewa wani mai wa'azi, Elijah Craig, shi ne ya fara zuba ta cikin gangar da aka babbake cikinta, ba shi da hujja a rubuce. Abin da ya tabbata shi ne masu saye sun lura cewa wiskin da ya daɗe cikin babbakakkiyar ganga yana yin ja, kaifinsa ya ragu, kuma sun yarda su biya ƙarin kuɗi a kansa.

Wanda ya shigo da awo cikin sana'ar shi ne James Crow, mutumin Sikotilan da ya yi karatun likita, wanda ya yi aiki a Kentaki daga shekarun 1830. Ya riƙa auna zafi da yawan sukari da tsami, yana rubutawa, ya kuma daidaita dabarar mayar da wani kaso na tsohon tsimi cikin sabo, kamar yadda mai nono ke zuba ɗan tsohon kindirmo cikin sabuwar madara. Sakamakon haka, abin da aka tata yau ya yi daidai da na jiya, mai saye ya san abin da zai samu, sunan haja ya fara zama dukiya.

Arhar tana da nata illar. A shekarun 1820 ana sayar da galan a kan santi 25, ƙasa da kuɗin shayi ko gahawa. Zuwa 1830, matsakaicin abin da Ba'amurke mai shekara 15 zuwa sama ke sha a shekara ya kai kimanin galan 7 na zallar barasa, kusan ninki uku na abin da ake sha a ƙasar a wannan zamani. Gidaje sun mutu, ma'aikata sun lalace. Daga nan ƙungiyoyin yaƙi da shaye-shaye suka taso, akasari daga majami'u da ƙungiyoyin mata, har jihar Maine ta haramta sayar da barasa a 1851.

Algus da hatimin gwamnati

Yaƙin basasa ya dawo da haraji a 1862, a kan santi 20 kowane galan, kafin 1865 ta kama ya kai Dala 2. Da harajin ya ninka kuɗin yin hajar sau da dama, sai fasa-ƙwauri da cin hanci suka bunƙasa. Lokacin da aka sauko da shi zuwa santi 50 a 1868, kuɗin da ke shiga baitulmali ƙaruwa ya yi. Duk da haka, a 1875 an bankaɗo wata babbar badaƙala da ta haɗa masu matatu da jami'an haraji, musamman a birnin St. Louis, wadda ta taɓa har sakataren Shugaba Ulysses Grant.

Matsala ta biyu ita ce algus. Sabuwar na'urar tata mai siffar dogon bututu, wadda Aeneas Coffey ya yi wa rajista a 1830, tana fitar da farar barasa mai yawa cikin arha. Dillalai suka riƙa sayenta suna zuba mata ƙonannen sukari, ko ruwan busassun 'ya'yan itace, wasu har da ruwan taba, su sayar da sunan tsohon burbon. Wanda ya kulle jarinsa shekara huɗu cikin ganga ba shi da yadda zai yi gogayya da wanda ya haɗa tasa a dare ɗaya. A 1870 George Garvin Brown ya fara sayar da wiskinsa na Old Forester cikin kwalabe masu hatimi kaɗai, domin kada a taɓa shi a hanya. Amma maganin da ya ɗore daga majalisa ya fito.

Dokar 1897, wadda masu matatun Kentaki irin su E. H. Taylor suka yi fafutukar samu, ta tanadi cewa gwamnati za ta manna hatiminta a kan kwalbar da ta cika sharuɗɗa huɗu: matata ɗaya ce ta yi ta, a kaka ɗaya, ta shekara aƙalla huɗu a siton da jami'an gwamnati ke riƙe da makullinsa, kuma ƙarfinta kashi 50 cikin 100 ne daidai. Ana lissafa ta cikin dokokin farko na kare mai saye a Amurka, domin ta riga dokar tsabtar abinci da magunguna ta 1906 da shekara tara. A ƙarshen 1909 Shugaba William Taft ya yanke hukunci kan muhawarar abin da ya cancanci a kira wiski, inda ya wajabta a bayyana a jikin kwalba ko tsantsa ne ko gauraye.

Akwai wani ɓangare na wannan tsari da ya fi muhimmanci ga mai jari. Barasar da ke siton gwamnati ba a biyan harajinta sai ranar fitar da ita. An tsawaita wa'adin wannan jinkiri zuwa shekara takwas a 1894, sannan zuwa shekara 20 a 1958. Ba domin haka ba, da babu ɗan kasuwar da zai iya biyan haraji a kan hajar da sai bayan shekaru zai sayar, kuma da tsohon wiski bai zama haja ba.

Shekaru 13 na haramci

Kafin 1913, harajin barasa yana samar da kimanin kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, shi ya sa masu neman haramci suka kasa cin nasara. Da aka gyara tsarin mulki a wannan shekara aka halatta harajin samun kuɗi, gwamnati ta sami wata madogara. Gyara na 18 ya fara aiki a watan Janairun 1920, ya hana yin barasa da sayar da ita da safararta a duk faɗin ƙasar. Kamfanoni shida kaɗai aka ba lasisin sayar da wiski a matsayin magani, bisa takardar likita, kimanin rabin lita ga mutum cikin kwana goma.

Shan barasa ya ragu, musamman a shekarun farko, amma cinikin ya koma hannun 'yan fasa-ƙwauri da gungun 'yan daba irin na Al Capone a Chicago, wiskin Kanada kuma ya riƙa kwararowa ta kan iyaka. Karyewar tattalin arziki da ta fara a 1929 ta sa gwamnati ta sake ƙishirwar haraji da ayyukan yi, aka soke haramcin a ranar 5 ga Disamba, 1933. Daga cikin ɗaruruwan matatu, kaɗan ne suka farfaɗo. Na hatsin rai a Pensilbaniya da Maryland sun riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, harkar ta tattara a hannun 'yan manyan kamfanoni, Kentaki ta zama cibiya. A shekarun 1930 ne gwamnati ta rubuta ƙa'idojin da ke fayyace kowane nau'i, a ranar 4 ga Mayu, 1964 kuma majalisa ta ayyana burbon a matsayin haja ta musamman ta Amurka.

Manyan nau'o'i

Hanyar yin su kusan ɗaya ce. Ana niƙa hatsi a dafa da ruwa, a zuba tsiron sha'ir domin ya mai da sitacin sukari, a sa yis ya tsima na 'yan kwanaki, sannan a tace ta hanyar tururi. Abin da ke fitowa fari ne kamar ruwa. Launin duka, da babban kaso na ɗanɗanon, daga ganga suke zuwa, domin zafin bazara yana tura barasar cikin itacen, sanyin hunturu ya dawo da ita. Bambancin nau'o'in yana ga irin hatsi da irin ganga.

Burbon dole a yi shi a Amurka, kowace jiha ce, duk da cewa ƙungiyar masu matatun Kentaki ta ƙiyasta kashi 95 cikin 100 daga jiharta yake fitowa. Masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin. Ƙarfinsa kada ya wuce kashi 80 wajen tata, kada ya wuce kashi 62.5 wajen shiga ganga, kada ya gaza kashi 40 a kwalba. Gangar ta zama sabuwa, ta itacen oak, wadda aka babbake cikinta, kuma ba a ƙara masa launi ko ƙamshi. Idan ya shekara biyu a ganga ana iya kiransa tsantsa, idan bai kai huɗu ba sai an rubuta shekarunsa. Sauran hatsin yawanci rai ne da sha'ir, amma wasu irin su Maker's Mark da W. L. Weller alkama suke sawa a madadin rai, abin da ke rage kaifi.

Wiskin rai yana bin waɗannan sharuɗɗa, sai dai hatsin rai ne ke kai kashi 51, kuma masu sayensa suna nemansa ne saboda yajinsa. Bayan ya kusa ɓacewa, ya sake samun kasuwa daga shekarun 2000. Haka wiskin alkama yake, alkama ce kashi 51, amma kasuwarsa ƙarama ce. Wiskin masara kuwa, masararsa ta kai kashi 80, ba dole ne ya shiga ganga ba, idan ma zai shiga to tsohuwa ce ko wadda ba a babbake ba. Shi ne ya fi kama da abin da manoman farko ke ɗora wa doki.

Wiskin Tenesi burbon ne a duk sharuɗɗansa, da ƙarin mataki guda: ana tsiyaye shi ta cikin gawayin itacen maple kafin ya shiga ganga. Majalisar jihar ta mai da wannan doka a 2013. Mafi shahara shi ne Jack Daniel's na garin Lynchburg, wanda kamfanin Brown-Forman ya saya a 1956. A 2016 kamfanin ya fito fili ya amince cewa wanda ya koya wa Jack Daniel sana'ar wani bawa ne baƙar fata, Nathan Green, wanda ake kira Nearest, shi ne kuma shugaban matatar na farko bayan 'yanta bayi. Gundumar Moore, inda matatar take, ta daɗe cikin gundumomin da suka riƙe dokar hana sayar da barasa bayan 1933.

Wiski gauraye shi ne mafi arha, domin doka ta yarda kashi 20 cikin 100 kaɗai ya zama tsantsa, sauran a cike da farar barasa marar ɗanɗano. Nau'in da ya zo daga baya shi ne na tsiron sha'ir zalla daga matata ɗaya, irin salon Sikotilan, wanda ƙa'idarsa ta fara aiki a watan Janairun 2025 bayan ƙananan matatu sun shafe shekaru suna neman a rubuta musu ita.

Sharaɗin sabuwar ganga ya haifar da wata kasuwa ta daban. Tunda ba a maimaita ganga a burbon, miliyoyin tsofaffin ganguna suna tafiya Sikotilan da Ailan da Meziko da Karebiyan, har akasarin wiskin Sikotilan cikinsu yake tsufa. Sharaɗi guda a dokar Amurka ya riƙe masu saran itace da maƙeran ganga a gida, ya kuma wadata abokan hamayya da ganga mai arha.

Hasashen shekara takwas

Babbar matsalar wannan sana'a ita ce tazarar lokaci. Mai matata yana yanke shawarar yawan abin da zai tata a bana bisa hasashen abin da jama'a za su so bayan shekara huɗu zuwa takwas. A tsawon wannan jira, kimanin kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na abin da ke ganga yana bin iska kowace shekara, ga kuɗin ruwa na banki, ga inshorar gobara, ga harajin da jihar Kentaki ke karɓa kan kowace gangar da ke ajiye, wanda sai a 2023 majalisarta ta amince a janye shi sannu a hankali cikin shekara 20.

An taɓa yin kuskuren hasashen. A shekarun 1970 matasan Amurka suka juya ga bodka da sauran fararen barasa, sito-sito suka cika da wiskin da ba mai saye, matatu da dama suka rufe. Mafitar ta zo ne ta hanyar sayar da kaɗan da tsada. A 1984 aka fitar da Blanton's, wanda kowace kwalbarsa daga ganga ɗaya take, da nufin kasuwar Japan, wasu kamfanoni suka bi sahu. Gangunan da Kentaki ke cikawa a shekara, waɗanda ba su kai rabin miliyan ba a 1999, sun kai miliyan 2.7 a 2022. Jarin ƙasashen waje ya shigo: Kirin na Japan ya sayi Four Roses a 2002, Campari na Italiya ya sayi Wild Turkey a 2009, Suntory na Japan kuma ya sayi kamfanin da ke yin Jim Beam a 2014 kan kimanin Dala biliyan 16. Masu kamfanonin sun zama baƙi, amma tilas aikin da sayen masarar su tsaya a Amurka, domin ba tare da haka ba kwalbar ba za ta ɗauki sunan burbon ba.

Wannan suna da ke kare hajar shi ne kuma ya mai da ita abin hari a rikicin ciniki. A watan Yunin 2018 Tarayyar Turai ta ɗora wa wiskin Amurka harajin fito na kashi 25 cikin 100, domin ramuwa kan harajin da Amurka ta sa wa ƙarfe da alminiyam, kuma kafin a dakatar da shi a farkon 2022 abin da ake kai wa Turai ya ragu da kimanin kashi 20. A watan Maris na 2025 lardunan Kanada da dama, ciki har da Ontario, suka kwashe barasar Amurka daga kantunan gwamnati. A cikin gida ma, binciken jin ra'ayi na Gallup a 2025 ya nuna kashi 54 cikin 100 na manyan Amurkawa ne suka ce suna shan barasa, adadi mafi ƙanƙanta tun da aka fara wannan tambaya a 1939. A watan Janairun 2025 Brown-Forman ya sanar da rage kashi 12 cikin 100 na ma'aikatansa tare da rufe masana'antarsa ta ganga a Louisville. Gangunan da aka cika lokacin da kasuwa ke tashe suna nan suna jiran masu saye.

Abin lura ga ɗan kasuwa

A nan gida ma mun ga yadda doka guda ke sauya makomar hatsi. Lokacin da gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya da na lemon malt suka koma sayen dawa da masara, manoman Arewa suka sami sabon babban mai saye wanda ba su taɓa lissafi da shi ba. Mun kuma san abin da rashin kare suna ke jawowa. Fatar jan akuyar Sakkwato, wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, ta shahara a Turai da sunan fatar Maroko, saboda ta can ta bi ta shiga jirgi, sunan masu kiwo da majema ya ɓace a hanya. Manoman masoron Penja a Kamaru kuwa sun bi ɗaya hanyar, suka sami rajistar sunan yankinsu a 2013, tare da rubutattun ƙa'idojin noma da sarrafawa.

Masu matatun Kentaki na 1897 su da kansu suka je majalisa suka roƙi a ɗaure su da sharuɗɗa, suka miƙa wa jami'in gwamnati makullin sitonsu, saboda sun lissafa cewa abin da algus ke ci musu ya fi abin da bin ƙa'ida zai ci. Masu cinikin citta, da riɗi, da zoɓo, da fata, waɗanda ke kukan ana dawo musu da kaya daga ƙasashen waje ko a karya musu farashi saboda ƙasa da tsakuwar da wasu ke zubawa cikin buhu, suna fuskantar irin wannan lissafi.